Maƙabartar Taukkyan: Ƙauyen Bama da ke riƙe da sunayen sojojin Afirka ta Yamma

Maƙabartar Yaƙi ta Taukkyan tana gefen wani ƙauye mai wannan suna, kimanin kilomita 35 arewa da birnin Yangon na ƙasar Myanmar, wadda Hausawa suka fi sani da Bama. Ita ce mafi girma cikin maƙabartu uku da aka keɓe a ƙasar domin sojojin Daular Birtaniya da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. Tana ɗauke da kaburbura 6,374 na wannan yaƙi, kuma 867 daga cikinsu ba a san ko su wane ne ke kwance a ciki ba. A tsakiyarta akwai wani dogon gini mai ginshiƙai, wanda aka sassaƙa wa sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san inda gawarwakinsu suke ba. Wato a duk kabari ɗaya da ido zai gani a Taukkyan, akwai mutum huɗu da sunansu kaɗai ya iso wurin.

Cikin masu kaburbura da masu sunaye akwai Turawan Ingila, da Indiyawa na kowane addini, da Gurka 'yan Nepal, da mutanen Bama kansu, da sojojin Afirka ta Gabas. Akwai kuma 'yan Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, waɗanda aka kwasa a jiragen ruwa a 1943 da 1944 domin su yaƙi Japan a dazuzzukan da ba su taɓa jin sunansu ba. Wannan ne abin da tsofaffi a ƙasar Hausa ke kira Yaƙin Bama.

Ƙauyen kafin maƙabarta

Taukkyan ƙauye ne na bakin hanya, kuma mahaɗar hanyoyi ce ta ba shi muhimmanci. A nan ne babbar hanyar da ta fito daga Yangon, wadda a lokacin ake kira Rangoon, take rabuwa biyu. Ɗaya ta nufi Prome, wato Pyay ta yau, a gaɓar Kogin Irrawaddy, ɗayar kuma ta nufi Pegu, wato Bago, ta wuce Mandalay. Duk wanda ya riƙe wannan mahaɗa ya riƙe ƙofar babban birnin ƙasar ta tudu.

Hakan ta bayyana a watan Maris na 1942. Sojojin Japan sun shigo Bama daga Tailan, sun fatattaki sojojin Birtaniya da Indiya a gadar Kogin Sittang a ƙarshen Fabrairu, suka nufo Rangoon. Janar Harold Alexander, wanda ya karɓi ragamar rundunar 'yan kwanaki kafin nan, ya ba da umarnin a fice daga birnin ranar 7 ga Maris. Da ayarin motoci da tankokin yaƙi ya iso Taukkyan, sai ya tarar Japanawa sun datse hanya. An yi ta kai farmaki a kan shingen a ranar ba tare da nasara ba, ga shi kusan dukan rundunar, har da shi kansa Alexander, suna cushe a kan hanya ɗaya.

Washegari da safe aka tarar shingen babu kowa. Abin da ya faru shi ne, kwamandan Runduna ta 33 ta Japan ya kafa shingen ne kawai domin ya kare gefen sojojinsa yayin da suke tsallaka hanya za su afka wa Rangoon ta wajen yamma. Da suka gama tsallakawa sai ya janye mutanensa, bai san cewa dukan abokan gabarsa suna tarko a hannunsa ba. Japanawa suka shiga Rangoon ranar 8 ga Maris suka same ta wayam, su kuwa sojojin Birtaniya suka kama doguwar ja da baya wadda ba ta ƙare ba sai da suka tsallaka iyakar Indiya a watan Mayu.

Wannan artabu na kwana biyu shi ne rabon Taukkyan a yaƙin. Mafi yawan waɗanda ke kwance a maƙabartar a yau sun mutu ne ɗaruruwan kilomitoci daga nan, shekara biyu ko uku bayan haka.

Yadda aka kai sojojin Afirka ta Yamma

Bayan an kori Italiya daga Habasha da Somaliya a 1941, yaƙin da birged-birged na Najeriya da Gana suka taka rawa a cikinsa, sannan aka kawar da barazanar Faransawan Vichy daga ƙasashen da ke kewaye da Najeriya, sai Birtaniya ta ga tana da dubban sojoji a Afirka ta Yamma da ba su da abokin faɗa a kusa. A Bama kuwa tana fama da ƙarancin mutane. Manyan hafsoshinta sun ɗauka cewa Baƙar fata ya saba da daji da zafi da zazzaɓi, saboda haka zai fi Bature jure wa Bama. Zato ne da bai yi la'akari da cewa yawancin sojojin bataliyoyin Najeriya 'yan Arewa ne ba, mutanen da suka tashi a fili, ba su san ƙungurmin dajin gora da ruwan sama na wata biyar ba.

Aka kafa Runduna ta 81 a 1943 ƙarƙashin Manjo Janar Christopher Woolner, tambarinta baƙin gizo-gizo. Ta isa Indiya a cikin shekarar. Runduna ta 82 ta biyo baya a 1944, tambarinta masu biyu a gicciye a kan gammo. Gammon nan yana da dalili. Kowace runduna tana da ɗumbin sojoji 'yan dako, waɗanda aikinsu shi ne ɗaukar harsasai da abinci da sassan manyan bindigogi a ka, a wuraren da mota ba ta shiga, alfadari ma sai da ƙyar. Da yawa daga cikinsu adda ce kawai makaminsu. Hausa ce harshen da ya haɗa sojojin Najeriya da na arewacin Gana tun zamanin da aka kafa rundunar, kuma da ita hafsoshi Turawa da yawa ke magana da mutanensu. Masana tarihi na ƙiyasta cewa 'yan Afirka tsakanin 90,000 zuwa 100,000 ne suka yi aiki a wannan fagen daga, idan aka haɗa na Yamma da na Gabas, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa.

An tura Runduna ta 81 kwarin Kogin Kaladan a yankin Arakan, wanda yau ake kira Rakhine. Kafin su isa kwarin sai da suka sare daji suka fasa duwatsu suka yi hanyar ƙaramar mota mai tsawon kimanin mil 75, wadda aka sa wa suna Hanyar Afirka ta Yamma. Daga nan kuma duk abin da za su ci ko su harba, daga jirgin sama ake jefo musu da laima. Suna cikin manyan rundunoni na farko da aka ciyar gaba ɗaya ta wannan hanya. Sun kai har Kyauktaw a farkon 1944, Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna suka maido su baya. Bayan damina suka sake gangarawa kwarin ƙarƙashin sabon kwamanda, Manjo Janar Frederick Loftus-Tottenham, kuma a ƙarshen Janairun 1945 suka haɗu da Runduna ta 82 suka karɓe tsohon birnin Myohaung, wanda yau ake kira Mrauk-U.

Runduna ta 82, wadda Manjo Janar Hugh Stockwell ya karɓi jagorancinta a farkon 1945, ta ci gaba da gangarawa kudu ta bakin teku, ta Kangaw da Dalet da Tamandu da hanyar An har Taungup. Waɗanda aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace a cikinta sun haura 2,000, adadin da ya fi na kowace runduna a ɓangaren Arakan a wannan zango.

Akwai kuma birged ɗaya, ta 3, mai bataliyoyin Najeriya na 6 da 7 da 12, wadda aka cire daga Runduna ta 81 aka ba Janar Orde Wingate. Sojojin Wingate, waɗanda ake kira Chindit, ana sauke su ne da jirage a bayan layin Japanawa a arewacin Bama, su kafa sansani su datse hanyar jirgin ƙasa. 'Yan Najeriya sun tsare sansanonin da aka sa wa suna Aberdeen da White City a 1944, a yaƙin da yunwa da atuni da zazzaɓin cizon sauro suka yi ɓarna kusan daidai da harsashi. A wannan shekara ce Sarkin Katsina Usman Nagogo, jim kaɗan bayan naɗinsa, ya kai wa sojojin Najeriya ziyara a Indiya da Bama.

Wanda ya mutu a irin waɗannan wurare, a nan ake binne shi. Abokansa su haƙa rami a gefen hanya ko bakin rafi, su kafa itace, wani hafsa ya rubuta wurin a takarda idan an sami sukuni, ayari ya wuce. Damina ɗaya ta isa ta share alamar.

Tattaro kaburbura

An sake karɓe Rangoon a farkon watan Mayun 1945, Japan ta miƙa wuya a watan Agusta. Daga nan ne sashen soja mai kula da kaburbura ya fara bin sawun yaƙin, yana tono gawarwakin da aka binne ɗaiɗai yana tara su a maƙabartun wucin gadi kusa da manyan fagagen daga. Aikin bai yi nisa ba ƙasar ta rikice. An kashe Aung San, jagoran neman 'yancin Bama, ranar 19 ga Yulin 1947. Ƙasar ta sami 'yancin kai ranar 4 ga Janairun 1948, kuma ba ta shiga ƙungiyar Kwamanwel ba. Cikin 'yan watanni 'yan kwaminis suka ɗauki makamai, ƙabilar Karen ta bi sahu, har a 1949 aka shafe watanni ana gwabzawa a Insein, a bakin Rangoon, ba nisa da Taukkyan. Yankuna da dama sun fita daga hannun gwamnati, babu mai iya shiga neman kabari. Kafin ƙura ta lafa kaburbura masu yawa sun ɓace, daji ya cinye wasu, ruwa ya tafi da wasu.

Wannan jinkiri na daga cikin dalilan da suka sa sunaye suka ninka kaburbura sau huɗu a Taukkyan. Wani dalilin shi ne yanayin yaƙin kansa, musamman ja da bayan 1942, lokacin da aka bar matattu a inda suka faɗi.

A 1951 aka fara gina maƙabartar. Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Daular Birtaniya, wadda tun 1960 ake kira ta Kwamanwel, ta ga ba za ta iya kula da maƙabartu huɗu da ke nesa ba, saboda wuyar isa gare su da rashin tsaro. Sai aka yanke shawarar a kwaso su gaba ɗaya zuwa wuri guda kusa da babban birni, a bakin hanyar mota. Maƙabartun su ne ta Akyab, wato Sittwe ta yau, a gaɓar Arakan. Ta Mandalay da ta Meiktila a tsakiyar ƙasar, inda aka yi manyan gumurzun Fabrairu da Maris na 1945. Da ta Sahmaw a can arewa, wadda asalinta ta sojojin Chindit ce, kuma ta ƙunshi da yawa daga waɗanda suka mutu a yaƙin karɓe Myitkyina. Arakan da arewacin ƙasar su ne fagagen da sojojin Afirka ta Yamma suka yi faɗa.

Ba a gauraya kaburburan ba. An jera na kowace tsohuwar maƙabarta a rukuni guda, domin waɗanda suka mutu tare su ci gaba da kwanciya tare. Mai tafiya tsakanin layukan yana iya gane lokacin da ya bar matattun Meiktila ya shiga na Sahmaw ta hanyar ranakun da ke kan alluna da sunayen bataliyoyi. Bayan waɗannan huɗu an kuma kwaso gawarwaki daga maƙabartun garuruwa da na barikoki, da kaburburan da aka gano a daji da gefen hanya. Da aka sami damar komawa aikin nema, an ƙara gano wasu ɗaruruwa daga sassa daban-daban na ƙasar. A cikin shekarun 1950 ɗin kuma aka kawo kaburbura 52 na sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya daga garuruwa irin su Maymyo da Thayetmyo da Henzada.

Me ya sa ba a mayar da su ƙasashensu ba? Tun Yaƙin Duniya na Ɗaya hukumar, wadda Fabian Ware ya assasa a 1917, ta kafa ƙa'idar cewa ba a mayar da gawar soja gida. Hujjarta ita ce, idan aka buɗe wannan ƙofa masu hali ne kaɗai za su kwaso 'ya'yansu, talakawa su bar nasu. Amurka ta bi wata hanya daban, ta ba iyalai zaɓi. Shi ya sa Wingate kansa, wanda ya mutu a haɗarin jirgin saman Amurka ranar 24 ga Maris na 1944, ba ya Taukkyan tare da mutanensa. An kasa bambance gawarwakin waɗanda ke cikin jirgin, kuma da yake Amurkawa sun fi yawa, aka kai su duka maƙabartar Arlington a Amurka.

Fasalin wurin

Wanda ya saba ganin hotunan maƙabartun yaƙi na Faransa da Beljiyam, masu fararen duwatsu a tsaye, zai ga Taukkyan daban. A nan kowane kabari yana da ɗan gajeren dakali da aka manna wa allon tagulla, tsakanin kabari da kabari kuma an dasa fure. Allon yana ɗauke da tambarin rundunar mamacin, da lambarsa, da muƙaminsa, da sunansa, da ranar mutuwarsa, da shekarunsa idan an sani. Girman allon janar da na kurtu ɗaya ne. Tambarin sojojin Afirka ta Yamma bishiyar kwakwa ce, kuma da ita ake saurin gane kaburburansu. Inda ba a san mamacin ba, allon yana cewa ne kawai wani soja ne na yaƙin 1939 zuwa 1945 wanda Allah Ya san shi.

Ginin tsakiya, wanda ake kira Dandalin Tunawa na Rangoon duk da cewa a Taukkyan yake, wani mai zanen gine-gine H. J. Brown ne ya tsara shi, kuma Janar Sir Francis Festing ya buɗe shi ranar 9 ga Fabrairun 1958. Zagayayyen zaure ne marar rufi a tsakiya, da dogayen layukan ginshiƙai dama da hagu. A jikin ginshiƙan aka jera sunaye, runduna bayan runduna, muƙami bayan muƙami. Sojojin ƙasa ne kaɗai a nan, waɗanda suka mutu a Bama da Assam. Mayaƙan sama da suka ɓace a wannan fage sunayensu na Singafo.

Akwai wasu ƙananan wuraren tunawa guda biyu. Ɗaya na sojoji fiye da 1,000 ne, Hindu da Sikh, waɗanda aka ƙona gawarwakinsu bisa tanadin addininsu. Ɗayan kuma na mutum 46 ne da aka san an binne su a wasu wurare a Bama amma ba a iya kula da kaburburansu ba.

Maziyarta daga Birtaniya sukan nemi kaburburan waɗanda suka sami lambar Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a sojan ƙasar, kamar Laftanar George Cairns da Kyaftin Michael Allmand, dukansu na Chindit. A jikin ginshiƙan kuma akwai sunan Sher Shah, Musulmi ɗan Punjab, wanda ya sami wannan lamba bayan mutuwarsa a kwarin Kaladan a Janairun 1945, lokacin da bataliyarsa ke yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Runduna ta 81. Babu Baƙar fatar Afirka ko ɗaya da aka ba wannan lamba a yaƙin Bama.

Harsuna biyar da batun daidaito

A cikin zauren tsakiya an rubuta wata gajeriyar jimla da ke cewa waɗannan mutane sun mutu ne domin dukan 'yantattun mutane. An rubuta ta da Ingilishi, da harshen Bama, da Hindi, da Urdu, da rubutun Gurmukhi na Sikh. Babu Hausa, babu Swahili, babu wani harshe na Afirka, ga shi kuwa a lokacin da aka buɗe ginin Najeriya da Saliyo da Gambiya da Kenya duk suna ƙarƙashin mulkin mallaka. Gana ce kaɗai cikin ƙasashen da suka tura waɗannan rundunoni biyu ta sami 'yanci, watanni goma sha ɗaya kafin nan.

Duk da haka, idan aka gwada da abin da aka yi wa 'yan Afirka bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Taukkyan ci gaba ce, domin a nan an rubuta suna. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar kanta ta kafa ya fitar da rahoto cewa a wancan yaƙi na farko, tsakanin mutum 45,000 zuwa 54,000, galibinsu 'yan Indiya da Afirka, ba a karrama su daidai da Turawa ba, sannan aƙalla wasu 116,000, watakila har 350,000, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Rahoton ya kawo maganar Gwamnan Gana na lokacin, Gordon Guggisberg, wanda a 1923 ya nuna cewa talakan ƙasar ba zai fahimci darajar dutsen kabari ba. Ministan Tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa. Binciken ya biyo bayan wani shirin talabijin na 2019 da ɗan majalisa David Lammy ya gabatar, bisa aikin Farfesa Michèle Barrett.

Daidaiton allon tagulla kuma bai kai ga masu rai ba. Takardun da aka bankaɗo a 2019 sun nuna cewa kuɗin sallama da aka biya kurtun Afirka bayan yaƙi ya kama kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da aka biya takwaransa Bature. Har wa yau, ƙasashe shida ne ke ɗaukar nauyin hukumar kuma suke da kujera a cikinta: Birtaniya, Kanada, Ostireliya, New Zealand, Afirka ta Kudu da Indiya. Najeriya da Gana ba sa ciki.

Sunan da aka rubuta ma ba kullum yake kai mutum gida ba. Al'adar ɗaukar soja a lokacin ita ce a rubuta sunan yanka, a haɗa shi da sunan gari ko na ƙabila. Shi ya sa rajistar take cike da mutanen da sunansu na biyu Kano ne, ko Sakkwato, ko Bauchi, ko Yola, ko Zabarma, ko Moshi, ko Frafra. Wasu sun tsallako ne daga ƙasashen renon Faransa, wato Nijar da Chadi da Kamaru da Burkina Faso ta yau, suka shiga sojan Ingila. Akawun da ya rubuta sunan ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji. Iyalan Turawa an ba su damar zaɓen 'yan kalmomi da za a ƙara a ƙasan allo, kuma rajista takan ambaci iyaye da mata da garinsu. A wajen sojojin Afirka da yawa, daga lamba da suna da rana babu wani ƙari. Jikan da ke neman kakansa a yau zai iya tarar da mutum biyar masu suna iri ɗaya, sai lambar soja ce za ta raba gardama, ita kuwa ba kowane gida ne ya adana ta ba. Hukumar ta sa dukan rajistar a intanet, kuma kowa na iya bincikawa kyauta da suna ko lamba ko runduna.

Ba dukan matattun Afirka ta Yamma na wannan fage ne ke Taukkyan ba. Waɗanda aka kwasa zuwa asibitocin bayan daga suka cika a can, an binne su a Chittagong da Maynamati, a ƙasar Bangladash ta yau, wasu kuma a Indiya.

Abin da ya rage a gida

A Najeriya, Yaƙin Bama ya fi wanzuwa a allunan ƙofar bariki. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da Barikin Chindit a Zariya, da Letmauk a Ibadan, da Dodan da Myohaung da An da Arakan da Tamandu a Legas, duk sunaye ne daga wancan yaƙi. Barikin Dodan ya zama fadar mulkin ƙasa na shekaru masu yawa, amma kaɗan ne cikin masu ambatonsa suka san daga Bama sunan ya fito. Rundunar Sojan Najeriya har yanzu tana da Runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu. A Gana kuwa hedikwatar tsaron ƙasa a Akra sunanta Burma Camp, kuma sojojin ƙasar na bikin Ranar Myohaung a watan Janairu. Najeriya ta mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, abin da ya ƙara tura yaƙe-yaƙen duniya biyu baya a tunanin jama'a.

Rubuce-rubuce kaɗan ne suka fito daga ɓangaren sojojin kansu. Isaac Fadoyebo, ɗan yankin Owo, ma'aikacin jinya a Runduna ta 81, ya rubuta yadda aka harbe shi a bakin Kogin Kaladan a watan Maris na 1944, da yadda wani manomi Musulmi ɗan yankin ya ɓoye shi tare da wani soja ɗan Saliyo har tsawon watanni tara. Ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun labarin a shirin talabijin da kuma littafi. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi wannan yaƙi, ya wallafa ƙagaggen labari mai suna Burma Boy a 2007, a kan wani yaro Bahaushe cikin sojojin Chindit.

Taukkyan a yau

Birnin Yangon ya yi ta faɗaɗa har ya kusa haɗiye ƙauyen, wanda yanzu yake cikin gundumar Mingaladon, kuma mahaɗar hanyar ta zama tashar motoci mai cunkoso. Masu lambu 'yan ƙasar ne ke kula da ciyawa da furanni a madadin hukumar. Da yake wurin na daga cikin filaye mafi tsafta a yankin, matasan Yangon sun mayar da shi wurin shan iska da ɗaukar hoto, abin da wasu baƙi ke gani rashin girmamawa ne, wasu kuma ke ganin shi ne ya hana wurin zama kufai. A watan Nuwamba jami'an ofisoshin jakadanci kan taru su ajiye furanni.

Zuwa Myanmar ya yi wuya tun bayan juyin mulkin 1 ga Fabrairun 2021 da yaƙin basasar da ya biyo baya. Yankin da sojojin Afirka ta Yamma suka yi faɗa yana cikin wuraren da suka fi rikicewa. Daga arewacin Rakhine ne Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladash a 2017. A farkon 2024 mayaƙan ƙungiyar Arakan Army suka ƙwace Paletwa da Kyauktaw da Mrauk-U daga hannun sojojin gwamnati, a watan Disamba na shekarar kuma suka karɓe garin An.